Abin da ya sa muke gasa fai ɗin fich da hannunmu a Jojiya

Assalamu alaikum Yaya. Kin tambaye ni dalilin da ya sa matanmu na Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka, suke wahalar da kansu wajen gasa fai ɗin fich, wato kwaɓin fulawa da ake cika cikinsa da ɗan itacen fich a rufe a gasa, alhali ga shi nan jibge a kantuna. Dalilin shi ne halal. A girkin gargajiya na jihohin kudancin ƙasar Amurka, da kitsen alade ake kwaɓa fulawar fai, kuma har yanzu akwai shi a cikin wasu kwaɓaɓɓun da ake sayarwa, wasu masu girkin ma har ɗan giya suke ɗigawa saboda ƙamshi. Fai kuwa shi ne abin da maƙwabta suke kai wa juna a nan, kuma tun da Babbar Sallah ta shekarun nan tana faɗowa cikin kakar fich, wadda take kamawa daga tsakiyar Mayu zuwa Agusta, sai muka koyi yin namu da bota domin mu haɗa da naman layya mu kai musu.

Fich ɗan itace ne mai ɗan gashi a bawo da ƙwallo guda a ciki, kuma ruwansa ya kusa na nunannen mangwaro. Wannan ruwan ne yake ɓata wa mai koyo aiki. Ana zaɓar irin wanda ƙwallonsa yake rabuwa da tsoka cikin sauƙi, ya nuna amma bai luguiguita ba. A tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti ɗaya, a mayar cikin ruwan ƙanƙara, sai bawon ya saluɓe da ɗan yatsa. Bayan an yanka fich kamar guda takwas, a barbaɗa sukari da kirfa, a matsa lemun tsami, a bar shi rabin awa ya tsatso ruwansa, sannan a tsiyaye ruwan a dafa shi ya yi kauri, a mayar tare da cokali huɗu na sitacin masara. Wadda ta tsallake wannan za ta tarar ƙasan fai ɗinta ya jiƙe sharkaf.

Kwaɓin kuma sanyi yake so. A yanka bota daga firji, a murtsuke shi cikin fulawa ba tare da ya narke ba, a zuba ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, kuma kada a yi masa murzar burodi, domin zai yi tauri. Bayan an shimfiɗa kwaɓin a farantin gashi, an zuba fich an rufe da sauran kwaɓin, a huda murfin saman don tururi ya fita. Ana fara gashi da wuta mai ƙarfi, digiri 220 a ma'aunin Celsius na minti ashirin, a rage zuwa 190 har ruwan ya riƙa ɓulɓulowa daga tsakiya.

Abin da ya fi yi wa yara wuya shi ne jira, domin sai ya huce na awa uku ko huɗu kafin a sa masa wuƙa, in ba haka ba cikin zai malale a faranti. Idan kina son gwadawa a gida, mangwaro marar zare zai tsaya a madadinsa, amma ki rage sukarin.