Game da akwatin hotunan Baba: ki fara da tsofaffi kafin sikana

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Kin ce ya yi soja, ya dawo ya koyar a firamare har ya yi ritaya, yana kuma ɗaukar hoto a gefe, ga shi ya bar muku akwati maƙil da hotuna da nagatif (fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa), kin rasa ta inda za ki fara. Ina karantawa sai na ji kamar labarin kawuna kike bayarwa.

A ƙaramin gari, mai kyamara ɗaya shi ne ma'ajiyar tarihin kowa. Kawu da allo yake kwana biyar, ranar hutu ya rataya kyamara. Kusan duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa yana cikin akwatin nan: layi uku, na gaba a durƙushe, wani yaro riƙe da ƙaramin allo an rubuta aji da shekara da alli.

Ga inda na yi kuskure. Na shafe wata biyu ina sa hotunan a kwamfuta, ina ganin aiki nake. Kafin in gama, gwaggon da ta san kowace fuska ta rasu. Yanzu ina da ɗaruruwan mutane, ba suna. Don haka ki kwashi hotunan ki je wurin abokansa da tsofaffin ɗalibansa, ki kunna rikoda a waya, ki bar su su yi ta zuba. Ki rubuta sunan a bayan hoto da fensir, kada ki sa biro, tawadarsa na ɓullowa ta gaba.

Na soja kam, ki bi a hankali. Kawu bai taɓa ba mu labarin ba. Na tarar da wani hoto, su biyar sun dafa kafaɗar juna, ya ɗiga alama a saman kawunan biyu. Sai da na sami wani abokin aikinsa na fahimci waɗanda ba su dawo ba ne.

Shi kuwa nagatif, ki riƙe shi ta gefe, ki cire duk robar da aka ɗaure shi da ita. Ki shinshina: in kika ji tsami irin na ruwan khal, fim ɗin ya soma lalacewa, ki ware shi domin yana shafar na kusa. Ki duba rubutun bakinsa, in NITRATE aka sa, ki nisanta shi da zafi, yana kamawa da wuta nan take. Kodak ta daina yin irinsa wajen 1951, waɗanda aka yi bayan nan SAFETY ake rubuta musu. Fim mai faɗin 35mm a ɗauke shi da sikana a kan aƙalla 2400 dpi (yawan ɗigon hoto a kowane inci), kuma kada ki zubar da shi bayan haka, ya fi hoton takarda riƙe bayani.

Ki bincika ƙasan akwatin ma. Malami kuma soja da wuya ya rasa rajista. Ta kawu tana can naɗe cikin tsohuwar jarida, kowane fim da lambarsa da kwanan wata.