Ina ɗan damfara ya samo lambar BVN ta mahaifiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan jiya wani mutum ya kira mahaifiyata a waya ya ce daga banki yake, ya faɗi cikakken sunanta da ranar haihuwarta da lambar BVN ɗinta babu kuskure, sannan ya nemi ta karanto masa lambobin da za su shigo wayarta. Allah Ya sa ƙanwata tana kusa, ta karɓe wayar ta kashe. Ina ya samo waɗannan bayanai? Kuma ba kasada ba ce gwamnati da bankuna su tara bayananmu duka a wuri ɗaya? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙanwarka ta yi daidai, domin lambobin da mutumin ya nema su ne abin da ya rage masa kafin ya shiga asusun Hajiya. Sauran bayanan da ya jero ya yi amfani da su ne don ta saki jiki da shi, tunda mai jin baƙo ya ambaci ranar haihuwarsa daidai yakan ɗauka cewa lallai ma'aikacin banki ne.

Rumbunan bayanan da ake magana a kansu manya biyu ne. Na farko shi ne na BVN, wato lambar tantance masu asusun banki, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, kuma kamfanin NIBSS, mallakar babban bankin da sauran bankuna, ke kula da shi. Na biyu shi ne na NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da ke hannun hukumar rajistar 'yan ƙasa ta NIMC wadda aka kafa da dokar 2007, kuma mutanen da ke cikinsa sun haura miliyan 100. Kowanne yana ɗauke da suna da hoto da ranar haihuwa da zanen yatsu, an ɗaure su da lamba mai alƙaluma 11. A watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da NIN, a ƙarshen 2023 kuma babban banki ya ce ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN. Ta haka waya da banki da katin ɗan ƙasa suka zama igiya ɗaya. Ba a banza aka yi ba: a farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta sanar da cire sunayen ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin masu albashi da taimakon BVN, kuma wanda ya damfari banki ɗaya ba ya iya komawa wani da sabon suna cikin sauƙi kamar dā.

Kasadar da ka hango gaskiya ce, sai dai mutane da yawa suna hango ta ta inda ba nan ta fi yawa ba. Ana zaton wani gwanin kutse ne zai zauna da kwamfuta cikin dare ya fasa babban rumbun. Hakan yana faruwa: a 2017 an kutsa kamfanin Equifax na Amurka, mai tara tarihin bashin jama'a, aka kwashi bayanan mutum kimanin miliyan 147, saboda ba a toshe wata ɓaraka da aka riga aka san da ita a manhajarsa ba. Amma a nan gida ɓarnar ta fi zuwa ta ƙananan ƙofofi. Rumbun da aka gina don tantance mutane dole ne a riƙa buɗe shi, kuma masu buɗewar suna da yawa: bankuna, da kamfanonin waya, da manhajojin bayar da rance, da kamfanonin da aka ba lasisin tantancewa, da wakilan da su kuma suka ɗauka, har zuwa mai shagon rajista a bakin kasuwa. Duk wanda aka ba mabuɗi yana iya arawa wani, kuma idan babu mai bibiyar wane ne ya duba bayanan wa da dalilin dubawar, ba za a gane ba sai abin ya fito fili.

Abin da ya bayyana a 2024 ke nan. A watan Maris gidan jaridar bincike ta FIJ ta ba da rahoton wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN ga duk mai biya, a watan Yuni kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wani mai suna AnyVerify da ke yin irin wannan ciniki a kan naira 100, har ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani don ta tabbatar da zarginta. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da an karɓi wannan magana yadda take, ba ta kwantar da hankali, domin ga wanda aka sayar da bayanansa babu bambanci tsakanin ɓarawon da ya haura katanga da wanda aka buɗe wa ƙofa. Indiya ta ga irin wannan da tsarinta na lambar shaidar jama'a mai suna Aadhaar a Janairun 2018, lokacin da jaridar The Tribune ta ruwaito cewa wakiliyarta ta sayi damar duba bayanan jama'a a kan rupi 500.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar rumbu ko kaɗan, wato fom ɗin tallafi na bogi da ake yaɗawa a WhatsApp, da takardun da muke bari a shagon fotokwafi, da masu zagayawa unguwa suna karɓar NIN da BVN da sunan za a raba kayan abinci. Yana da kyau ka tambayi Hajiya ko ta taɓa cika irin wannan fom.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin tsaron bayanai shi ne cewa wasu bayanan ba sa canzuwa. Idan aka sace lambar sirrin katinka, za ka je banki ka sauya ta a yini ɗaya, amma yatsunka goma ne har ƙarshen rayuwa, kuma NIN ɗaya ake ba mutum. A 2015 aka gano an sace bayanan mutum miliyan 21.5 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, a ciki har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6, kuma babu diyyar da za ta mayar da waɗannan yatsu sirri. Haɗe rumbunan kuma ya sa layin waya ya zama mabuɗin komai, saboda ta nan lambar tabbatarwa ke shigowa. Wanda ya sace waya ko ya yi dabarar da aka sake fitar masa da layinka yana iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, daga nan ya nemi rance da sunanka. Sannan rumbu yana daɗewa fiye da gwamnatin da ta gina shi, kamar yadda aka gani a Afghanistan a 2021, inda na'urorin ɗaukar zanen yatsu da ƙwayar ido na sojojin Amurka suka faɗa hannun Taliban.

Doka ta ɗan taka rawa. Dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan an samu ɓaraka mai haɗari ga jama'a, ta kuma tanadi tarar da kan iya kaiwa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar babban kamfani a shekara. Ta ba ka haƙƙin tambayar banki ko kamfani abin da yake riƙe da shi a kanka da wanda ya ba, kuma kana iya kai ƙorafi ga hukumar. A ganina tara kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an rage yawan masu mabuɗi, an kuma sa tsarin ya riƙa amsa "e" ko "a'a" ga mai tantancewa maimakon ya zube masa takardar mutum gaba ɗaya.

Game da Hajiya, ku raka ta reshen bankinta da kanta ta sanar da su kiran da lambar da aka kira ta da ita, ta sauya lambar sirrin katinta da ta tura kuɗi ta waya, a kuma duba ko an buɗe wani asusu ko an ci bashi da BVN ɗinta. Ku sa wa layin wayarta lambar kulle, yadda ko an cire shi an sa a wata wayar ba zai yi aiki ba. Idan wata rana layin ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta suna aiki, kada ku jira gobe, ku kira banki a rufe asusun tukuna sannan ku nufi ofishin kamfanin wayar.