Amsa ga mai tambaya kan kumburin ƙodar Mama

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Kin ce likita ya shaida muku ciwon sukarinta ya taɓa ƙoda har akwai kumburi a ciki, kina tambaya ko ku saya mata maganin ƙara garkuwar jiki. Don Allah ku riƙe kuɗinku. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin wankin ƙoda, kuma a wannan ciwon garkuwar da kanta tana cikin masu ɓarnar.

Akwai garkuwar da aka haifi kowa da ita, wadda ba ta jiran allurar rigakafi. Halinta irin na 'yan sintirin unguwa ne, da sun ji ihu sai su fito da gora, ba sa tsayawa tambaya. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini yakan manne wa furotin, ƙwayoyin ƙoda su jigata, su riƙa sakin abubuwan da garkuwar ke ɗauka alamar hari ce. Nan fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofaj za su yi dafifi a ƙodar, suna zuba sinadaran kumburi irin su TNF da IL-1. To babu ƙwayar cutar da za su kashe, sai 'yan matatun da ke tace jini a ƙodar su sha dukan. Kowace ƙoda tana da kimanin miliyan ɗaya, kuma wadda ta zama tabo ba ta dawowa. Ƙiba ma tana rura wannan wutar. Shi ya sa antibayotik ba shi da aiki a nan.

Abin takaici, wannan ciwon ba ya zafi. Yawanci sai fitsari ya fara kumfar da ba ta kwanciya, ko a danna ƙafa yatsa ya bar rami, sannan a kawo mana mutum.

Ku nemi gwajin albumin, wani nau'in furotin, a fitsari. Idan sakamakon ya wuce 30 mg/g ƙodar ta fara yoyo. Ku tambayi likitanta game da magungunan hawan jini losartan ko lisinopril, da kuma maganin sukari dapagliflozin, wanda wani babban bincike na 2020 ya nuna yana rage saurin lalacewar ƙoda. Shi zai duba ko sun dace da ita.

Diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis saboda ciwon gwiwa kuwa, ku raba ta da su, haka jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Ranar asibiti ku zuba duk abin da take sha a leda, har na gargajiyar, ku ajiye wa likita a kan tebur.