Haɗa wa firji ruwa a kicin: a fara duba ƙarfin ruwan

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi firji mai ƙofa biyu, irin wanda ake tarar ruwan sanyi da ƙanƙara ta jikin ƙofarsa. A Samaru muke, burtsatse gare mu, ana tura ruwan zuwa tankin sama. Me ake buƙata a haɗa masa ruwa, kuma daga ina za a jawo? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Jan bututun ba wani aiki ba ne, mai gyaran famfo zai gama shi cikin awa ɗaya ko biyu. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfin ruwan, kuma nan ya kamata a fara kafin a sayi ko noti ɗaya.

Yawancin waɗannan firji suna son ruwa mai ƙarfin psi 20 zuwa 120, wato daga kusan bar 1.4 (psi da bar ma’aunai ne na ƙarfin ruwa a bututu). Masu filta a ciki sukan nemi fiye da haka, wasu har psi 40, don haka ki duba littafin da ya zo da naki. Shi kuwa ruwan tanki, tsayi ne kaɗai ke ba shi ƙarfi: kowace mita 10 tana ba da kusan bar 1. Tankin da ya ɗara firjin da mita 5, kamar na yawancin gidaje marasa bene, rabin bar kawai yake bayarwa, psi 7 ke nan. Bai kai ko rabin abin da ake nema ba.

Ga abin da hakan ke jawowa. Injin ƙanƙara ba ya auna ruwa a yawancin firji, bawul ɗinsa, wato makunnin da ke buɗe wa ruwa hanya, buɗewa yake na ’yan daƙiƙoƙi ya rufe. Idan ruwan ba ƙarfi, ɗan kaɗan zai shiga, sai ƙanƙarar ta fito ƙanana ko da rami a ciki, kofi ɗaya kuma ya daɗe bai cika ba. Mafi muni, sai da ƙarfin ruwa bawul ɗin yake rufewa ruf. In ya rasa, sai ya riƙa ɗiga, ɗigon ya daskare ya toshe bakin bututun, a ɗauka firjin ne ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Maganin shi ne ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa mai kunna kansa, wanda zai ba da bar 2 zuwa 3. Mun fi son a sa shi a layin kicin kaɗai, domin idan aka sa wa gidan gaba ɗaya, tsofaffin mahaɗai kan fara yoyo.

Kayan aikin kaɗan ne, kuma a fara neman su wurin masu kayan famfo a Sabon Gari: mahaɗi mai baki uku na rabin inci, ƙaramin bawul mai rage rabin inci zuwa kwata, bututun kwata inci na roba wanda aka yi don ruwan sha ko na jan ƙarfe, farin tef na zare, da filtar laka mai lamba 5 (lambar tana nuna ƙanƙantar dattin da take tarewa). Kada a yarda da bawul ɗin nan da ake ɗaurawa ya huda bututu da kansa. Raminsa ƙarami ne, yana rage ƙarfin da da ma bai isa ba, kuma yana saurin yoyo.

Daga layin ruwan sanyi da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke za a jawo, ba daga na hita ba. A rufe ruwa, a buɗe famfo ya tsiyaye, a sa mahaɗin da bawul ɗin, a naɗa tef a kan zare kawai. A yanka bututun daidai, ba a karkace ba, a bi da shi jikin bango nesa da kukar gas. A bayan firjin a bar rarar kusan mita 2 a naɗe, don a iya jawo shi a yi shara ba tare da bututun ya lanƙwashe ko ya fizge ba. Kafin a haɗa da firjin, a saki ruwa cikin bokiti har ya fito garau. Notin kuma a ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana. Matsewa da yawa ke fasa shi. Sai a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin kowane mahaɗi a duba washegari.

Bayan haɗawa, a zubar da lita 8 zuwa 10 na farko, da ƙanƙarar zubi biyu ko uku.

Wani abu da muke so ki riƙe, Hajiya: filtar firji ɗanɗano da wari take gyarawa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Idan ba ku shan ruwan burtsatsen nan kai tsaye, to firjin ba zai mai da shi na sha ba, sai an gwada shi an kuma sa abin tacewa da ya dace. A rufe tankin da kyau saboda ƙurar hunturu, a wanke shi, a sauya filtar firjin duk wata shida, ta laka kuwa da zarar ta yi ja, musamman da damina.

Sai batun wuta. Idan aka ɗauke ta daɗe, ƙanƙarar da ke cikin ma’aji za ta narke ta zubo ta ƙofa, in wuta ta dawo ta dunƙule ta hana injin juyawa. In ba ku da sola ko janareto mai riƙe firjin, a kashe injin ƙanƙarar a juye ma’ajin. Duk ranar da za ku yi tafiya kuma, a rufe ƙaramin bawul ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke.