Na gano dangin kakata a Danmak, amma amsarsu ta sanyaya mini gwiwa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan muna zaune a Malmo ta ƙasar Suwidin, ni da maigidana da yaranmu biyu. Kakata ta wajen uba 'yar Danmak ce. Aikin jinya ya kai ta Adamawa, can ta auri kakana, kuma ta rasu babanmu yana ƙarami. Bayan dogon cigiya na samo jikar ƙanwarta a Facebook, tana zaune kusa da garin Roskilde. Na rubuta mata doguwar wasiƙa har da hawayena. Sai bayan mako uku ta amsa da layi huɗu, wai ta ji daɗi, mu haɗu mu sha kofi a “mako na 29”. Ko gida ba ta ce mu zo ba. Malam, ba sa son mu ne? In kuma zan je, ina zan kai yara a hutun, yaya zan yi da abinci, kuma ko ya dace in nemi mu yi musu Kirsimeti a can?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, wannan amsar da kika samu ba ta kora ba ce. Na daɗe ina taya mutane neman asalinsu a wannan yanki, kuma in da ba ta son ganinki, da shiru za ki ji, ko ta gode miki cikin ladabi ta rufe zancen. Ita kuwa har lokaci ta yanka miki. Kin san lissafin makonni tunda a Suwidin ma haka ake yi, to mako na 29 tsakiyar Yuli ne, kuma makonni na 28 zuwa 30 su ne zuciyar hutun bazara a Danmak, lokacin da ma'aikatu da yawa ke rufewa, iyalai su tafi gidajen hutu na bakin teku. Ɗan Danmak yana rowar waɗannan kwanaki fiye da yadda yake rowar kuɗinsa. Wanda ya ɗebi yini guda a ciki ya ba ki, ya ba ki abu mai tsada.

Inda aka samu saɓani shi ne ma'anar dangi. A wajenmu jikar ƙanwar kakarki 'yar'uwarki ce kawai, in kin sauka a garinsu gidanta za ki nufa ba sai kin aika ba. A wajensu iyali ya tsaya ne a kan iyaye, 'ya'ya, kakanni, sai 'yan'uwan uwa da na uba da 'ya'yansu. Daga nan igiyar ta fara sirancewa. Da yawansu ba su taɓa ganin waɗanda suka haɗa kakannin iyaye da su ba, ko da a gari ɗaya suke. Saboda haka ke a idonta baƙuwa ce mai ɗauke da labari mai daɗi, kuma za ta so ta san ki kafin ta buɗe miki ƙofar ɗaki. Muna cewa zumunta a ƙafa take. A can sai an duba kalanda kafin ƙafar ta motsa, ko uwa za ta je wajen 'yarta sai sun sa rana.

Don haka ki amsa mata a taƙaice kamar yadda ta yi. Ki ce kin amince, ki tambayi rana da sa'a da wuri, ki faɗa mata ku nawa za ku zo. Ki isa a kan lokaci, minti goma na latti a wajensu abin ba da haƙuri ne. Kada zaman farko ya wuce awa biyu zuwa uku. Kuma, ki gafarce ni da wannan, kada ki kawo zancen takardun zama ko neman aiki ko wata buƙata, ko da wasa. Wasunsu suna ɗari-ɗari da saƙon da ya zo daga nesa yana da'awar dangantaka, kuma hanyar kawar da wannan ita ce su ga ba ki zo neman komai ba sai sanin juna.

Tsarabar da ta fi kowace daraja ita ce hoto. Ki sa a turo miki duk wani hoton kakarki da ya rage a gida, da na babanku yana yaro, da wasiƙa in akwai, ki wanke su a takarda ki ba ta. Ki tuna su ma rashi suka yi: wata 'yarsu ta tafi Afirka ba ta dawo ba, kuma wataƙila abin da suka sani game da ƙarshen rayuwarta bai cika cokali ba. Ke ce kike riƙe da rabin labarin. Ki kuma koyi kalma guda: kakar wajen uba a harshensu farmor ce, wato uwar uba. In kika ce “min farmor” za ki ga yadda fuskarta za ta sauya. Ki haɗa da fure ko cakulan, ya isa. Kada ki cika jaka da atamfofi, babbar kyauta tana sa su jin nauyin bashi.

Kafin ranar, akwai aikin da za ki iya yi daga ɗakinki. Littattafan coci na Danmak, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa tun tsakiyar ƙarni na 17, da takardun ƙidayar jama'a tun daga ta 1787, hukumar adana tarihi ta ƙasar, Rigsarkivet, ta sa su a intanet kyauta a shafin Arkivalieronline. Na shekarun baya-bayan nan ne kawai a rufe. Abin da kike buƙata shi ne sunan ikilisiyar da aka haifi kakarki da shekarar haihuwarta, don sunan iyali kaɗai ba zai kai ki ko'ina ba. Nielsen da Jensen da Hansen sun cika ƙasar kamar Musa da Ibrahim a Kano, domin asalinsu “ɗan wane” ne, sai dokar 1828 da ta 1856 suka sa aka daina sauya su daga uba zuwa ɗa. Tunda kin ambaci Adamawa da aikin jinya, ki bincika ko ta hannun mishan ta je. Likita Niels Brønnum ya isa Numan a 1913, kuma daga nan ma'aikatan jinya da malamai 'yan Danmak suka yi ta zuwa yankin shekaru da dama. Ƙungiyar tana nan har yau da sunan Mission Afrika, ki rubuta musu.

Maganar fita da yara kuwa, ki gode wa Allah kuna kusa. Tun da aka buɗe gadar Øresund a shekarar 2000, jirgin ƙasa daga Malmo zuwa Kofenhagen bai fi minti arba'in ba, daga nan zuwa Roskilde kuma kamar rabin awa. Ku riƙe fasfo da katin zama, ana duba takardu a wasu lokuta, kuma kuɗinsu daban yake da na Suwidin duk da kamar sunan, amma kati yana biya kusan ko'ina. A Roskilde akwai babban cocin da ake binne sarakunan ƙasar, da gidan tarihin jiragen ruwan Vaikin, mayaƙan teku na zamanin da, guda biyar da aka tono daga ƙarƙashin ruwa a 1962. Yara suna son bakin ruwan wurin.

Shawarata dai ita ce in haɗuwar farko ta yi daɗi, ta biyu ku yi ta a dajin Dyrehaven, arewa da Kofenhagen, tashar Klampenborg. Shiga kyauta ne, barewa kusan dubu biyu suna yawo a sake, kuma a gefensa akwai filin wasan Bakken da tarihinsa ya koma 1583, inda sai abin da yaro ya hau za a biya. Filin wasan Tivoli na cikin Kofenhagen, wanda aka buɗe a 1843, ya fi shi suna, amma ga tsada ga hayaniya, ba wurin hira ba ne. Dalilin da ya sa na fi son daji shi ne mutanen nan bakinsu ya fi buɗewa in ana tafiya. A teburi za ki ji shiru yana tsawo har ki tsargu, alhali su shirun bai dame su ba. A hanya kuwa yara suna gudu, kowa da kwandon abincinsa, zance yana zuwa da kansa. Legoland na Billund ku bar shi sai wani hutun, tafiya ce ta yini guda zuwa Jylland, yankin yammacin ƙasar.

Kwandon abincin nan ma ya raba ki da wata matsala. Aladun ƙasar sun fi mutanenta yawa, kuma naman yana shiga inda ba ki zata ba: ƙwallon nama da suke kira frikadeller, da leverpostej da ake shafa wa burodi, da tsiran alade na bakin titi, har da wasu alewoyin yara. Ranar da ta gayyace ku gida, ki faɗa mata tun da wuri, a fili: ba ma cin alade, ba ma shan giya, kifi ya wadatar da mu. Kunyarmu ta “kada a ce na faɗa” ba ta aiki a nan. Sun saba da baƙo mai ƙa'idar abinci, abin da ke ɓata musu rai shi ne a wahala a dafa, baƙo ya zauna yana juya cokali. In an ɗaga kofi ana cewa skål, wato fatan alheri, ki ɗaga naki na ruwa ko lemo, babu mai kallon abin da ke ciki. Ku cire takalmi a ƙofa, in an gama ci ku ce “tak for mad”, na gode da abinci. Ki koya wa yara wannan, tsofaffi suna jin daɗinsa ƙwarai.

Kirsimeti kuwa kada ki nema. Daren 24 ga Disamba na iyali ne na ƙut da ƙut, ma'aurata ma sai sun yi shawarar gidan iyayen wa za a je bana. In kin tambaya za ki sa ta cikin tsaka mai wuya. Wanda ya fi sauƙin shiga shi ne daren Sankt Hans, 23 ga Yuni, da ake hura wuta a bakin ruwa kowa ya zo ya tsaya, ko bikin ranar haihuwar wani dattijo mai cika shekara 70 ko 80, inda suke tara dangin nesa da na kusa. In aka gayyace ku irin wannan, to an karɓe ku. Ke ma ki gayyace ta cin abincin Sallah a Malmo, amma ki sanar da ita tun saura wata biyu, ki bayyana mata cewa ranar tana iya motsawa da kwana ɗaya saboda ganin wata.

Kwana ɗaya ko biyu bayan kun rabu, ki aika mata “tak for sidst”, godiyar haɗuwar da ta wuce, da hoto guda na ranar. A cikin saƙon ki tambaye ta cocin ƙauyen da aka yi wa kakarki baftisma. Ki shirya zuciyarki, mai yiwuwa ba za ki sami kabarin iyayenta ba, domin a Danmak hayar wurin ake yi na wasu shekaru, aƙalla ashirin ga wanda aka binne da akwati, in dangi ba su sabunta ba a ɗauke dutsen. Amma cocin yana nan, yawancinsu a buɗe suke da rana, kuma 'yar'uwar taki za ta fi kowa sanin wace motar haya ce ke zuwa ƙauyen.