Babban makanikena ya ƙi koya wa yara aiki, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Jidda, da ma'aikata shida. Babban makanikenmu gwani ne, amma da zarar gyara mai wuya ya zo sai ya aiki yaran sayen wani abu, kafin su dawo ya gama. Na yi masa nasiha har na gaji. Me ke sa ma'aikaci ya yarda ya koyar da abin da ya sani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Muddin koyarwar tana jawo masa asara, nasiha ba za ta ci shi ba. A fara da gano asarar.

Babbar ita ce tsoron sallama. In shi ba ɗan ƙasa ba ne, iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, a ɗaure take da aikinsa, kwantiraginsa kuma mai wa'adi ne bisa dokar ƙwadago ta Saudiyya. Ga tsarin Nitaqat da aka kawo a 2011, wanda ya wajabta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa. Mutumin nan lissafi yake yi: ranar da yaro mai ƙaramin albashi ya iya abin da na iya, ni za a fara sallama. Kuma yana da gaskiya. Alkawarin baka ba ya kashe wannan tsoro, sai a rubuce. Ku sabunta masa kwantiragi a Qiwa, manhajar gwamnati ta rajistar kwantiragin aiki, na shekara 2 maimakon 1, da matsayin shugaban makanikai da ɗan ƙarin albashi. Ƙarin yana da nauyi fiye da yadda ake gani, domin a kan albashin ƙarshe ake lissafin kuɗin sallama: rabin wata a kowace shekara cikin 5 na farko, wata guda a kowace shekara bayan haka.

Sai tsarin biyanku. Idan kamasho yake samu a kan kowace na'ura, a ce yana gyara 6 a rana shi kaɗai, da ɗan koyo a gefe yana tambaya sai ya koma 4, to kun sa shi ya biya kuɗin makarantar daga aljihunsa. Ku ware masa kaso daga duk aikin da yaronsa ya kammala ba a dawo da ƙorafi ba, na tsawon wata 6. Kada ku biya shi a kan yawan darussa, za ku samu surutu ne kawai.

Kada kuma ku ce ya rubuta abin da ya sani. Gane lafiyar kwamfiresa, injin da ke matsa gas a cikin na'urar, daga ƙararsa, ko zargin yoyon gas daga ƙanƙarar da ta taru a bututu, abu ne na kunne da ido. Ku haɗa shi da yaro ɗaya, yaron ya riƙe kayan aiki, shi yana kallo yana gyara masa. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin wannan, ba tsakiyar zafi da waya ba ta daina ƙara ba.

Abin da ya fi ɓata irin wannan shiri shi ne kuskuren farko. Yaro zai iya zuba gas nau'in R22 a na'urar da ke aiki da nau'in R410A, alhali ƙarfinsu da man da suke aiki da shi ba ɗaya ba ne. In kun yanke albashin malamin saboda wannan, ba zai sake ba kowa dama ba. Shago ya ɗauki asarar, a zauna a duba inda aka kuskure ba tare da tsawa ba. In kuma yaron ya ƙware, ku faɗa a gaban kowa wanda ya koya masa, har a gaban masu kawo gyara.