Tsakanin nace da dage: amsar tambayar wata ɗaliba

Wata ɗaliba mai karatun fassara daga Zariya ta aiko da tambaya: "Malam, an ba mu jimla mai ɗauke da kalmar Ingilishi insist. Na rubuta nace, ƙawata ta rubuta dage. Wa ya yi daidai, kuma daga ina kalmar ta samo asali?"

'Yata, da kin haɗo da jimlar da na raba muku gardama nan take, domin amsar tana cikinta. Kalmar ta shiga Ingilishi ne a ƙarshen ƙarni na 16, kuma tushenta Latin ne, insistere, wato in, a kan, da sistere, tsayawa. Ma'anarta ta farko ke nan: tsayawa a kan abu. Daga wannan saiwa ta sistere aka sami persist da resist da assist. Kin ga Bahaushe bai yi nisa da mutanen Rum ba a nan, tunda shi ma yakan ce wane ya tsaya a kan bakansa, ko ya tsaya kai da fata.

Bature yana ɗora wa kalmar nan kaya biyu. Wani lokaci mutum yana neman lallai a yi wani abu ne, wani lokaci kuma yana jaddada cewa maganarsa gaskiya ce ko da an ƙaryata shi. Mu kuwa mun rarraba aikin.

Nacewa maimaici ce. Yaro ya riƙe gefen zanen uwarsa a kasuwa yana cewa a saya masa alewa, a kore shi ya dawo, a harare shi ya sake dawowa, wannan ya nace. Mai bin bashi da ke sallama a ƙofar gida safe da yamma shi ma haka. Shi ya sa naci yakan zo da ɗan ƙorafi, har a ce wa mutum uwar naci. Amma ba kullum yake zama aibi ba. Hausawa sun ce naci damben kuturu: ba shi da yatsun da zai dunƙule ya kai naushi mai ƙarfi, sai dai ya yi ta kai hannu har abokin karawa ya gaji.

Dagewa kuwa ba ta bukatar yawan magana. Uba zai iya faɗa sau ɗaya cewa sai 'yarsa ta gama makaranta kafin a yi zancen aure, dangi su yi ta zarya, shi bai ƙara ko kalma ba, amma bai gusa ba. Wannan ya dage. Kuma ita ce ake yabo da ita: ki dage da karatu, ki dage da addu'a. Idan tsayuwar ta zarce hankali ta koma taurin kai, sai mu ce ya kafe, ko ya turje, ko ya ce atafau.

To, idan jimlarku ta mai roƙo ce da ya ƙi gajiya, ke ce da gaskiya. Idan ta wanda ake tuhuma ce yana cewa bai aikata ba, ko ta mai gida da ya ce sai baƙo ya ci abinci kafin ya tafi, dage ta fi zama daram, kuma ni can na fi karkata a yawancin labaran jarida.

Sai dai ki kula da ƙugiya. Dage daban, ɗage daban. A 2019 hukumar zaɓen Najeriya ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu. Mai rubutu a waya da ya yar da ƙugiyar ya mai da jinkirtawa tsayuwar daka. Haka kafe da ƙafe, na biyun rijiya ce ke yin sa da rani. Nace kuma a haɗe take. Idan kin raba ta, "na ce" kika rubuta.